Kafin Ka Sake Danna Maɓallin Biya

Wajen ƙarfe uku da rabi na yamma ne, ranar ƙarshe ta rajistar wata jarrabawa, wani dattijo ya shigo shagona da ke bakin hanyar Bosso, 'yarsa na biye da shi riƙe da takardunta a cikin leda. Tun da sassafe suka taso daga wajen Kuta. Na cike mata fom, na ɗora hotonta, muka zo wurin biyan kuɗi. Na shigar da lambar katinsa, na danna. Sai ɗan zoben nan ya fito a tsakiyar allo yana juyawa. Ya yi ta juyawa har yarinyar ta gaji da tsayuwa ta jingina da bango.

Dattijon ya matso da kujerarsa ya ce, "Ɗana, sake dannawa mana. Ko bai ji ba ne."

Na ce, "Baba, a ɗan dakata tukuna. Mai yiwuwa ya ji, amsarsa ce ba ta iso mana ba."

Ya dube ni kamar mai shirin yin gardama, sai kuma ya yi shiru. Kuɗin da ke cikin katin nan, kamar yadda ya faɗa mini daga baya, na doyar da ya sayar ne.

Na haura shekara goma ina wannan sana'a a Minna, kuma garinmu gari ne na rajista da jarrabawa. A nan hedkwatar NECO take, hukumar da aka kafa a 1999. A nan Jami'ar Fasaha ta Tarayya take tun 1983, da mazauninta na Bosso da na Gidan Kwano. Tun 2015 kuma jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta. Don haka ɗan makaranta da mai neman aiki da ɗan fansho, duk sai ƙafarsu ta biyo ta shago irin nawa. Maganar da na fi ji a bakinsu, na kuma fi ji a bakin 'yan'uwana masu shaguna, ita ce "matsalar netwok ce". Ga mai sayar da magani, "ba ni da lafiya" ba ta isa a ba da ƙwaya ba, sai ya tambayi inda ke ciwo. Ita ma wannan magana haka take. A ƙalla ciwo huɗu daban-daban ne muke haɗawa mu kira da suna ɗaya, kuma wanda bai bambanta su ba yakan biya kuɗi sau biyu, ko ya kwana yana zagin wanda ba shi da laifi.

Abin da muke kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, kwamfuta ce kamar tawa, sai dai ba a kashe ta. Tana zaune a wani ɗaki mai sanyi a Legas ko Abuja ko Turai, aikinta jiran masu zuwa. Idan ka buɗe shafin banki ko na makaranta, wayarka ce take zuwa wurinta da buƙata. To, hanyar da su biyun suke riƙe juna ita ake kira soket. Ba soket ɗin bango da muke jona caja ba, ko da yake daga can aka aro sunan. Wannan ba a ganinsa da ido. Bakin magana ne da manhaja take buɗewa, mai ɗauke da abu biyu: lambar adireshin na'ura da lambar ƙofa. Ɗauki gidan haya irin na Kpakungu ko Tunga, mai ƙofar shiga ɗaya da ɗakuna jere. Sanin gidan bai wadatar ba, sai ka san ɗakin da za ka ƙwanƙwasa. Kowace kwamfuta tana da irin waɗannan ƙofofi har zuwa lamba 65,535. Shafukan da ke da alamar kwaɗo a ƙofa ta 443 suke sauraro, tsofaffin shafuka marasa kwaɗo a ta 80, masu fassara sunayen shafuka zuwa lambobi a ta 53. Masana a Jami'ar Kaliforniya da ke Bakili ne suka fitar da wannan tsari na soket a 1983, kuma har yau shi ne a cikin wayar da ke aljihunka.

Abin da ya fi burge ni lokacin da na fara koyo shi ne, kwamfutoci ba sa fara magana sai sun yi sallama. Taka ta ce ga ni, ina son magana. Saba ta amsa cewa na ji ka, ni ma ga ni. Taka ta sake cewa na ji amsarki. Sai bayan waɗannan ukun ake shiga zance. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka shimfiɗa tushen wannan ƙa'ida a 1974, aka rubuta ta a tsare a 1981, sunanta TCP. Duk Bahaushen da ya taɓa tsayawa a ƙofar zaure ya san abubuwan da kan biyo bayan sallama, kuma su ne dai ke faruwa a allo.

Ciwo na farko shi ne ka yi sallama, nan take yaro ya leƙo ya ce maigidan ba ya nan. Ka ji haushi, amma ka ƙaru da abubuwa da yawa: gidan ne, akwai mutane a ciki, hanya lafiya lau. A kwamfuta wannan shi ne saƙon da ke fitowa da sauri, cikin ƙiftawar ido, yana cewa an ƙi haɗin. Galibi na'urar tana raye, manhajar da ya kamata ta zauna a wannan ƙofa ce ta faɗi ko aka kashe ta don gyara. In ka ga haka, kada ka wahalar da kanka da cire layi da mayarwa. Datarka ta yi aikinta. Gyaran yana hannun masu sabar.

Na biyun shi ne shiru. Ka yi sallama, ba motsi. Kwamfuta takan jira daƙiƙa ɗaya ta sake, ta jira biyu ta sake, sannan huɗu, sannan takwas, tana ninka jiran kowane karo don kada ta ƙara cunkoso, har wata takan kai kusan minti biyu kafin ta haƙura ta ce lokaci ya ƙure. Mu ma an koya mana mu nemi izini sau uku, in ba a amsa ba mu koma. Wannan shirun ne ya fi wuyar fassara, domin ba ka san ko sallamarka ta isa ba. Mai yiwuwa wayar gilashin da ke binne a gefen titi ce katafila ta tsinke wajen aikin hanya, abin da muka sha gani a garin nan. Mai yiwuwa an ɗauke wuta a can. Mai yiwuwa akwai katangar tsaro, wani mai gadi da aka umarta ya yi watsi da baƙo ba tare da ya ce masa uffan ba. Mai yiwuwa kuma layin jira ne ya cika. Kowace saba tana da adadin masu sallama da za ta iya ajiyewa a layi, in ya cika sai ta daina kula sababbin zuwa. Wannan ne ciwon ranar ƙarshe ta kowace rajista. Dubban mutane daga Sakkwato zuwa Kalaba suna ƙofa ɗaya a sa'a ɗaya, kuma duk wanda ya gaji ya sake dannawa ya ƙara mutum ɗaya ne a layin da shi kansa yake ciki.

Akwai kuma yankewa a tsakiyar magana, kamar a rufe maka ƙofa kana cikin gaisuwa. Wannan yakan faru in mota ta fitar da kai daga inuwar wata eriya zuwa wata, ko rautar shago, na'urar da ke raba intanet, ta mutu ta tashi lokacin da ake komawa kan janareta. Ba shi da wani sirri, ba zan daɗe a kansa ba.

Na huɗun shi ne wanda ya same mu da dattijon nan, kuma shi nake so mai karatu ya riƙe. An amsa sallamarka, an shigar da kai zaure, an shimfiɗa maka tabarma, ka faɗi abin da ke tafe da kai, yaro ya shiga ciki da saƙon. Sai kuma shiru. Saƙonka ya shiga gida. Abin da ba ka sani ba shi ne ko maigidan ya aikata. Yawancin manyan shafuka ba saba ɗaya ba ce. Ta bakin ƙofa tana miƙa wa ta ciki, ta cikin tana tambayar ma'ajiyar bayanai, in maganar kuɗi ce kuma sai an leƙa kamfanin da ke karɓar biya, shi kuma ya leƙa bankinka. In ka ga lamba 504 a farin allo, ta bakin ƙofa ce take gaya maka cewa ta jira ta cikin har ta gaji. Lamba 503 na nufin an fi ƙarfinta ko an tsayar da ita na ɗan lokaci, 502 kuma ta cikin ta ba da amsar da ba ta da kan gado. Duk ukun shaida ne cewa ka isa gidan.

Na'urar POS ma haka take. A watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na tsaya a Kasuwar Kure bayan wata baiwar Allah da ta sayi shinkafa. Aka sa katinta, takarda ta fito an ƙi. Mai shagon ya ce, "Hajiya, bari a sake." Aka sake. Kafin ta ɗaure bakin jakarta saƙo biyu sun shigo wayarta, an cire kuɗin sau biyu, shi kuma bai ga ko kwabo ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Buƙatar ta tashi daga na'urar, ta bi ta mahaɗar da ke tsakanin bankuna, ta isa bankinta, an cire kuɗi, sai amsar ta makale a hanyar dawowa har na'urar ta gaji da jira. In ka ga lamba 91 a irin wannan takarda, tana nufin bankin mai kati ko mahaɗar tsakiya bai amsa ba. Ita takardar dukiya ce, kada a yar. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya kafa ƙa'idar cewa a warware irin wannan ciniki na POS ko na intanet cikin sa'a 72, amma sai da shaidar rana da lokaci ƙorafinka zai yi nauyi a gaban ma'aikacin banki.

To, yaya nake gano wanne ne a cikin ciwon huɗun nan? Daga kusa nake farawa, in tafi nesa. Wannan na koye shi ne da kunya. Wata shekara na haɗa ƙaramar saba a cikin shagon don yara su riƙa gwajin jarrabawa a kwamfutoci goma sha biyu. Wata safiya ba wadda ta iya buɗe tambayoyin. Na kira kamfanin da nake sayen data a wurinsu na ɗaga murya a kan wani matashi da bai san hawa ba bai san sauka ba, alhali sabar tana ƙarƙashin teburina, ko intanet ba ta buƙata. Da daddare kwamfutar ta sabunta kanta, katangar tsaronta ta rufe ƙofar da manhajar ke sauraro. Na zauna a gabanta tana buɗewa lafiya, daga kujerar da ke gefe kuwa shiru. Da na rubuta umarnin netstat na ga manhajar na nan zaune a ƙofarta, sai na gane mai gadi ne ya hana shiga. Minti biyu gyaran ya ci. Na sake kiran matashin na ba shi haƙuri, kuma tun daga ranar ba na ɗora wa na nesa laifi sai na gama bincikar ɗakina.

Yanzu tambayata ta farko ita ce: wannan shafin kaɗai ne, ko duka? In wani shafin ya buɗe, hanyata a buɗe take. In babu wanda ya buɗe, sai in duba fitilun rauta, in duba ko data ta ƙare, in jona wayata mai layin wani kamfanin daban. Wannan gwaji na layi biyu kowa zai iya yin sa, kuma shi kaɗai yakan raba gardama. In shafin ya ƙi a layi biyu na kamfanoni biyu, da wuya laifin ya zama naka.

Daga nan sai in buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Akwai ɗan umarni mai suna ping, wanda wani injiniya Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a watan Disamban 1983. Tamkar jefa tsakuwa ne a rijiya a saurari ƙararta. Nakan fara da rautar shagona, sannan in jefa wa 8.8.8.8, wata sananniyar na'urar Google. In lambar ta amsa amma sunan shafi ya ƙi, to na kama ɓarawon: mai fassara sunaye ne, wato DNS. Kwamfuta ba ta san sunan banki ko na makaranta ba, lamba ta sani, sai ta tambayi wannan mai fassara, kamar baƙon da ya sauka a tasha yana tambayar ɗan acaɓa gidan wane. In ɗan acaɓan ya ɓace, gidan na nan amma ba mai kai ka. Sai dai a lura, wasu sabobin an hana su amsa ping da gangan, don haka shirunsa kaɗai ba hujja ba ne cewa sun mutu. Akwai kuma tracert, mai jera maka zangon da saƙonka ya bi ɗaya bayan ɗaya, ka ga daidai inda taurari suka maye gurbin lambobi, ko a nan kusa ne ko can bayan Legas.

Wani abu ƙarami da ke wahalar da masu sayen kwamfutar hannu ta biyu: agogo. Akwai ɗan batiri kamar kwabo a cikinta, in ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Shafuka masu kwaɗo suna nuna takardar shaida mai wa'adi, kwamfutar da agogonta ya rikice sai ta ga kamar takardar ba ta da inganci, ta ƙi ci gaba. Na ga wanda ya canza layi uku a kan wannan. Ka dubi kusurwar allo kafin komai.

Akwai ranakun da duk bincikena yake ƙarewa a abin da ya fi ƙarfin kowa a Minna. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da kama azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa: WACS da MainOne da ACE da SAT-3. Ta cikin irinsu ne maganarmu take fita daga Legas zuwa Turai. A ranar wasu shafukan suna buɗewa, wasu shiru, manhajojin bankuna da dama a faɗin ƙasar nan suka tsaya, kuma sai da aka ɗauki makonni jiragen gyara suna aiki a teku. Wanda sabarsa ke cikin Najeriya ya fi samun sauƙi a kan wanda tasa ke ƙetare, darasin da nake ganin hukumominmu ya kamata su riƙe da kyau. Kafin nan, ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021 bayan la'asar, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan sa'a shida. Sabobinsu ba su ƙone ba. Kuskure ne wajen gyaran cikin gida ya janye sanarwar hanyar da ke kai mutane gare su, har masu fassara sunayensu ma aka daina samu. A daren nan mutane sun yi ta sayen sabuwar data suna zaton tasu ce ta ƙare.

Shi ya sa raina yake ɓaci da masu gina shafukan da talaka ke biyan kuɗi a kai. Manhaja ta san wane irin shiru ta tarar. Ta san ko an ƙi ta ne, ko ba ta isa ba, ko ta isa amsa ce ta makara. Amma sai a bar mutum da zobe mai juyawa, ko da jan rubutun Turanci da ba ya gaya masa ko kuɗinsa sun fita. Layi ɗaya ya isa: "Mun karɓi buƙatarka, kada ka sake biya, duba bayan minti talatin." A rubuta shi da Hausa da Nufanci da Gwaranci ma in ana so, ba abin da zai ci. A kuma ba kowane biya lambarsa ta musamman, ta yadda ko an danna sau biyar sau ɗaya za a cire. Wannan dabara sananniya ce a wurin masu rubuta manhaja, rashin yin ta sakaci ne.

A ranar dattijon Kuta, da zoben ya gaji sai farin allo ya fito da 504. Na buɗe wani shafin, ya buɗe. Na gwada da layin wayata, amsa ɗaya. Na rubuta lambar biyan da lokacin a bayan takardar yarinyar: 3:41. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara a aljihun rigarsa, ya miƙo mini in karanta. An cire kuɗin.

"To ka gani, sun ci kuɗin, ba su ba ta komai ba," in ji shi, muryarsa na rawa.

Na ce, "Baba, sau ɗaya aka cire, kuma ga lambar a hannunmu. Ku je ku yi la'asar, ga masallaci nan a baya. Ni ba zan taɓa komai ba."

Bayan sun dawo muka ƙara jira. Wajen biyar da kwata na shiga shafin na danna wurin da ake sake tambayar matsayin biya. Ya nuna an biya. Na buga mata takardar shaida kofi biyu, ɗaya ta sa a ledarta, ɗaya uban ya ninke ya cusa cikin hularsa, suka yi sauri don su sami motar ƙarshe.

Kai mai karatu, duk ranar da allo ya yi maka shiru bayan ka danna biya, ɗauke hannunka. Ɗauki hoton abin da ya rubuta, rubuta lokacin da lambar biyan, duba asusunka, sannan ka gwada wani shafin da wani layin. In kuma rajista ce mai wa'adi, ka zo mana tun makon farko, lokacin da zauren bai cika ba.